Dutsenmu rairayi ne



Makon jiya na jawo wa kaina dariya a fada. Muna zaune bayan isha'i, shayi na kan gawayi, sai na miƙa wa abokaina salula na ce su kalli wani bidiyo. Wani gari ne na ƙasar Kolombiya, sunansa Medelin. Akwatunan ƙarfe masu gilashi ne rataye a jikin igiya, suna hawa dutse suna saukowa ɗauke da mutane, kamar guga a bakin rijiya, wannan na nutsawa wancan na fitowa. Motocin igiya ke nan. Bidiyon bai ƙare ba wani ya riga ya kwanta bisa tabarma don dariya. "Kai ɗan boko, yanzu Dakoro za ka rataya wa igiya? A ina za ka ɗaure ta, bisa aduwa ko bisa ƙahon sa?" Wani kawunmu da ke wucewa ya tsaya ya leƙa, ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, mu da munka rasa hanyar zuwa likita, kai kana zancen tahiya bisa iska. Allah shi shirya muna karatun zamani."

Na yi dariya tare da su, don maganar ta cancanci dariya. Amma na kwana ina juya ta, na ga gara in zo nan in ba da amsa a tsanake, saboda dariyar nan ba ta fadarmu kaɗai ba ce. Ita ake yi wa duk wanda ya buɗe baki ya ce zirga-zirgar talaka aikin hukuma ce, kamar ruwan famfo, kamar lakkwal, kamar likita. An saba mana da cewa shiga mota sha'anin aljihunka ne. Kana da shi ka shiga, ba ka da shi ka taka sayyadarka. Ni kuwa na ce wannan sabo yana kashe mu, kuma kisa na gaske nake nufi, mai likkafani.

Bari in fara da garin da ke cikin bidiyon, don waɗanda suka yi dariya su san abin da suka yi wa dariya.

Medelin gari ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi. Masu hali suna ƙasa, inda fili yake. Talakawa, da yawansu mutanen ƙauye da yaƙi ya koro, suka hau gangaren duwatsu suka kafa ɗakuna bisa ɗakuna. A shekarar 1991 kaɗai an kashe mutum fiye da 6,000 a garin, zamanin Pablo Escobar da yaransa, kuma unguwannin saman dutse nan ne inda ake ɗebo samarin da ke harbi da samarin da ake harbewa. A 1995 garin ya samu jirgin ƙasa na cikin birni, amma jirgin a gindin kwari yake bi, gefen kogi. Mutumin saman dutse yana hangen shi kamar yadda muke hangen jirgin sama. Kafin ya kai tasha sai ya sauko matakala ɗaruruwa, ko ya jira ƴar ƙaramar mota da ke murɗa lungu tana nishi. A 2004 aka buɗe layin igiya na farko, Metrocable, tsawonsa kamar kilomita 2, daga tashar jirgi zuwa unguwar Santo Domingo, ɗaya daga cikin unguwannin da ko ɗan sanda ke shakkar shiga. Hawan dutsen ya koma abin minti goma.

To, igiyar ita ce abin da ido ke gani a bidiyo. Abubuwan da suka canza rayuwar mutanen ba su fita a hoto. Tikiti ɗaya ne: matar da ke aikatau a gidan masu kuɗi ta biya sau ɗaya a saman dutse, ta sauko ta shiga jirgi ba tare da ƙarin ko sisi ba. Ba a jira mota ta cika, akwati na tafiya wani na isowa. Ba ciniki, kuɗin yau shi ne na gobe, ko ana ruwa ko ana rana, ko kai baƙo ne ko ɗan gari. Kuma da aka tashi yin aikin, da unguwar da kowa ke gudu aka fara. Magajin garin na 2004 zuwa 2007, Sergio Fajardo, malamin lissafi ne a jami'a, shi da mutanensa suka bi tashoshin igiyar da ɗakunan karatu, da makarantu, da filayen wasan yara. Kuɗin kuma wani kaso mai yawa na abin da garin ke kashewa daga kamfanin ruwa da wutar lantarki na garin yake fitowa, EPM, wanda mallakar birnin ne, kowace shekara yana zuba wani ɓangare na ribarsa a baitulmalin gari.

Ba zan yi muku ƙarya in ce igiya ce ta kawo zaman lafiya a Medelin ba. Kashe-kashe sun ragu saboda dalilai da yawa, wasu ma ba masu daɗin ji ba ne. Babban ɗakin karatun da aka gina a Santo Domingo, wanda duniya ta yi ta ɗauka hoto, daga baya sai da aka rufe shi saboda ginin ya samu matsala. Amma mutum ya tashi daga ƙarshen gari ya kai wurin aiki da kuɗin da ya sani, a lokacin da ya sani, wannan kam ya tabbata, har wasu suka kwaikwaya. Bolibiya ta buɗe nata a 2014 tsakanin babban birni La Paz da El Alto, garin talakawa da ke can sama, mita kusan 4,000 daga matakin teku. Maƙwabciyarmu Aljeriya ma tana da su a garuruwanta masu tuddai.

Yanzu in dawo ga kawu. Kawu, kana da gaskiya, Dakoro ba ta da dutse. Daga nan har Tibiri ba wurin rataya igiya, kuma duk wanda ya zo da takardun kwangilar motar igiya a jahar Maraɗi ni zan fara cewa a bincike shi. Amma wanda ya ce ba mu da dutse bai taɓa tura mota a rairayin arewacin Dakoro ba. Bai taɓa tsayawa bakin ƙorama a watan Agusta yana kallon gari a ƙetare ba. Abin da dutse ya yi wa mutumin Santo Domingo, shi rairayi da nisa ke yi wa mutumin Birnin Lalle, da na Ajekoriya, da na Azagor, da na ƙauyukan Kornaka da ke nesa da gudron. Yana ganin likita, yana ganin kasuwa, yana ganin kwaleji, amma tsakaninsa da su akwai abin da sai mai kuɗi ke ƙetarewa.

Yayata tana aure a wani ƙauye wajen kwarin Tarka. Shekara uku ke nan, cikin damana, naƙuda ta kama ta tun la'asar. Dare ya yi abu bai zo ba. Ma'aikacin ƴar ƙaramar likitar ƙauyen, yaro ne sa'ana, ya duba ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, a kai ta Dakoro yanzu-yanzu. Da me? Motar da ke shiga ƙauyen sau ɗaya take zuwa a mako, ranar kasuwa, kuma ranar ba ita ba ce. Moto akwai, amma wanda ya taɓa ganin mace a kan gwiwa ya san ba ta zama bisa moto, balle a rairayi, balle cikin dare. Aka ɗaura wa shanu amalanke, aka shimfiɗa katifa, innarmu ta riƙe mata kai, mijinta na gaba da tocila. Sun iso ana kiran assalatu. Aka yi mata aiki, kuma ina faɗa da babbar murya, ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, ba wanda ya karɓi ko dala ta aikin. Ita ta rayu. Yaron, namiji, an fito da shi ba rai. Ungozomar ta ce wa inna da an zo da awa uku baya da wata magana ake yi. Mun yi imani da ƙaddara, rai na Allah ne. Amma Allah bai hana bawa ya gyara hanya ba.

Tun wajen 2006 ƙasar nan ta ce aikin fitar da jariri kyauta ne, maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. A 2024 aka ƙara da rage kuɗin likita, aka ce haihuwa ma kyauta. Madalla, ni ban raina ba. Amma kyautar a bakin ƙofar likita take farawa. Daga ɗakin mace zuwa ƙofar fa, wa ke biya? Ma'aikatan lafiya da kansu suna karantar da cewa jinkiri uku ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa in an isa. Na farko muna ta wayar da kai a rediyo, ana zagin maza wai ba su barin mata su je awo. Na uku ana ta horar da ma'aikata. Na tsakiya an bar wa shanu. Kuma ku lura, na farkon ma sau da yawa ɗan na tsakiya ne. Magidancin da ya san shatar mota cikin dare za ta ci mishi tunkiya biyu, dole ya ce a ɗan jira tukuna ko Allah zai kawo sauƙi. Sai a rubuta a rahoto cewa jahilci ne.

Haka zancen yake ga yarinyar da ta gama firamare a ƙauye, kwaleji na nesa da kilomita goma sha, uban ya ƙi yarda ta zauna gidan wani a gari, ita kuma ba ta iya takawa kullum. Shekara na zagayowa sai ka ji ana rabon goro. Za a kira taro a otal a Yamai a yi ta maganar auren wuri, ba wanda zai tambayi ko akwai motar da ke bi ta ƙofar gidansu ƙarfe bakwai na safe. Haka ga manomin da ke sayar da wakensa a bakin gona da farashin da ɗan kasuwa ya yanka, saboda ɗan kasuwa ne mai mota.

Wani zai ce wannan ai matsalar karkara ce, zancen igiya kuwa na birni ne. To mu shiga birnin.

Na yi karatun jami'a a Maraɗi. Ɗakin da na iya haya yana can ƙarshen gari, inda fitilun titi suka ƙare, inda ake yanka sababbin filaye. A gidan akwai wani magidanci mai gadi a wani shago kusa da babbar kasuwa. Mun taɓa zama muka yi lissafi da shi a bayan takardar siminti. Kabu-kabu daga unguwarmu zuwa kasuwa dala 60 ne in ka iya ciniki. Zuwa da dawowa dala 120. A kwana 26 na aiki, jika 15 da dala 120. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, bayan ƙarin da aka yi a farkon 2024, jika 42 ne, kuma kowa ya san masu gadi da yawa ko shi ba su samu. Ke nan fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashin da doka ta yanka yana ƙarewa a hanya, kafin a sayi tiya ɗaya ta hatsi, kafin haya, kafin sabulu. Me yake yi? Yana tashi tun kafin asuba ya taka. Matarsa mai sayar da ƙosai ba ta zuwa kasuwa sarin wake da mai da kanta, a shagon unguwa take saye da tsada, ribar ta tafi. Ɗansu in ya yi zazzaɓi sai a fara da maganin mai tebur, saboda kuɗin zuwa likita ya fi kuɗin maganin.

Wannan lanho ne, haraji ne da ba a rubuta a kowace doka ba, kuma an juya shi a baibai: iya talaucinka iya nisanka da gari, iya nisanka iya abin da kake biya. Mai gida a tsakiyar gari, kusa da kasuwa da banki da ofis, shi ne kuma mai mota. Wanda ba shi da ko keke shi aka tura bayan gari.

Aka tura, na ce, don ba iska ta kai shi can ba. Ƙidayar 2012 ta ba Maraɗi mutum dubu 267 da ƴan kai, yau kowa ya ga yadda garin ya bazu. Wa ke yanka filaye yana sayarwa? Hukuma. Wa ke karɓar kuɗin takardar fili? Hukuma. A kan taswira za ka ga an zana tituna masu faɗi, an bar wurin makaranta, an bar wurin masallaci. Ban taɓa ganin taswirar da aka zana inda bas zai tsaya ba. Ana sayar wa mutum fili kilomita da yawa daga abincinsa, a karɓi kuɗi, a ce sauran kai da ƙafarka. Yamai ma da take babban birni, mai kamfanin bas na gari, SOTRUNI, shekara da shekaru motocinsa ba su ɗauki ko ɗan kason mutanen gari ba. Mutanen unguwannin gefe da faba-faba suka dogara. Ku tambayi Bazabarme ma'anar faba: taimako. Sunan motar kansa kuka ne.

A nan sai wani ya miƙe ya ce, to ai ga kabu-kabu, ga adaidaita, kasuwa ta warware matsalar, ina ruwan gwamnati? Ni ba abokin gabar ɗan kabu-kabu ba ne. Rabin fadarmu su ne, wasu da digirinsu a aljihu. Su suka riƙe garuruwan nan da hukuma ta saki, da rana da ƙura da haɗari, kuma ana karɓar musu fatanti da tikiti. Amma moto mutum ɗaya yake ɗauka, in an matsa biyu, saboda haka ba yadda za a yi ya yi arha kamar motar da ke ɗaukar hamsin. Tsohuwa ba ta iya hawansa. Mai ciki wata tara ba ta iya hawansa. Mai keken guragu ba ya iya hawansa. Kuɗinsa yana tashi da dare, yana tashi in hadari ya haɗo, ya tashi da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man ruwa-ruwa ya yi tsada. Abin da ke guje maka ranar da ka fi bukatarsa ba a kiransa tsari.

Kuma kar wani mai iko ya karanta wannan ya ce to a hana kabu-kabu. Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Dalilin tsaro ne, amma ba a ajiye wa mutane manyan motocin da za su wadace su ba, sai adaidaita sahu ta cika garin maƙil. An canza ƙafa biyu zuwa ƙafa uku, talaka na nan yana ciniki a bakin titi. Darasin da ya fi mana amfani yana Dakar. Tun 2005 Senegal ta tara masu tsofaffin motocin haya cikin ƙungiyoyi, ta ba su sababbin ƙananan bas bashi suna biya a hankali, da sharaɗi: kowace mota da layinta, da lambarta, da tikiti mai kuɗi sananne. Masu motar jiya su ne masu motar yau, ba a kori kowa daga abincinsa ba. Sai a 2024 suka kai ga manyan bas masu aiki da lantarki, masu titinsu na kansu, kilomita 18 daga Gejawaye, unguwar talakawa ta bayan gari, zuwa tsakiyar Dakar, tafiyar awa ɗaya da rabi ta koma kamar minti 45. Sun yi shekara kusan ashirin suna rarrafe kafin su miƙe. Mu ko rarrafen ba mu fara ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba a iya cewa ƙasar nan ba ta taɓa kashe kuɗi kan sufuri ba. Ta kashe, da yawa. Ku dubi inda ta zuba su. An shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Doso, kilomita kusan 140, kamfanin Bolloré ya yi aikin, aka yi bikin buɗewa a watan Janairun 2016 da kaɗe-kaɗe da manyan riguna. Wa a cikinku ya taɓa sayen tikitin jirgin Doso? Yamai ta samu gadojin sama ɗaya bayan ɗaya, ta samu babban titi daga filin jirgin sama zuwa tsakiyar gari domin taron Tarayyar Afirka na 2019. Duka ayyuka ne na mai mota, domin mai mota ya yi sauri. Mu nan jahar mun ga namu a 2015, Maraɗi Kwalliya, bikin 18 ga Disamba. An yi tituna, an sa fitilu, gari ya yi kyau, ban musa ba. Amma ku je ku tambayi mai gadin nan na ƙarshen gari ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Titi ba sufuri ba ne ga wanda ba shi da abin ɗorawa bisa titin.

Shi ya sa ma nake tsoron masu son bidiyon nan fiye da masu yi mishi dariya. Mai dariya ba ya cin kuɗin kowa. Mai sha'awar igiya don kyanta shi ne abin tsoro. Birnin Riyo na Birazil ya kwaikwayi Medelin a 2011, ya rataya motar igiya a unguwannin talakawa na Alemawo, ana shirin gasar ƙwallon duniya da wasannin Olamfik, alhali mazauna wurin da yawa magudanun ƙazanta suke roƙo. A 2016, baƙi na watsewa, igiya ta tsaya. Madagaska ta ƙaddamar da tata a babban birninta a 2024 da bashin Faransa, a garin da ke kwana ba ruwa ba wuta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Bambancin Medelin da waɗannan ba a ƙarfen yake ba. Can an fara da tambayar wane ne ya fi kowa nisa da gari, kuma me zai kawo shi kusa. Nan an fara da tambayar me zai yi kyau ranar yanke ƙyalle.

Ga jirgin Kano zuwa Maraɗi na tafe, an aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Allah shi kawo shi lafiya. Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ranar da ya iso, mai wake a ƙauyen Sabon Mashi da me zai kai buhunsa tasha? In ba a yi wannan tunanin ba, jirgin zai zama na wanda dama ke da tirela.

Na san amsar da ke jirana: babu kuɗi. Wannan kalma an fi faɗa wa talaka ita fiye da sallama. Kowace ranar kasuwa a Dakoro, da Sakabal, da sauran kasuwannin dabbobi na gundumar nan, ba saniya, ba raƙumi, ba akuyar da ke canza hannu ba a yanka mata tikiti ba. Mai rumfa na biya, mai tebur na biya, motar da ta yi lodi a tasha na biya, moto na biya. Ina jimillar? A wane allo aka manna ta? Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, waɗanda ke riƙe da ma'aikatun magajin gari naɗa su aka yi. To, naɗi ko zaɓe, tikitin kasuwa bai daina fita ba, saboda haka tambaya ma ba za ta daina fita ba. Ƙasar nan tana tace manta a matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011. A 2024 an rage kuɗin lita zuwa sefa 499, an yi murna, amma ragin lita ya fi shiga aljihun mai tanki. Da za a ware wani abu kaɗan daga kowace lita a ce wannan na motar jama'a ne, da mai tanki ya ɗauki mai ƙafa, ko sau ɗaya. Kuma mun san irin wannan haɗin gwiwa na aiki, don a wasu gundumomin lafiya na ƙasar nan an daɗe ana ƙara dala 20 bisa kuɗin ganin likita domin a sayi man motar ɗaukar marasa lafiya. Talaka ya riga ya nuna zai biya in ya ga inda kuɗinsa ke zuwa.

Abin da nake nema bai kai kuɗin ƙafa ɗaya ta gadar sama ba. A Maraɗi a zauna da ƙungiyoyin ƴan adaidaita da ƴan kabu-kabu da masu ƙananan bas, a fitar da layi ko uku ne, kowane ya taso daga ƙarshen gari, daga inda fitila ta ƙare, ya bi ta babbar kasuwa da likita da jami'a. A rubuta kuɗin a jikin mota. A rubuta lokacin tashi a jikin allo, mota ta tashi ko da mutum biyar ne a ciki, hukuma ta cika giɓin, don ranar da mutane suka tabbata tana zuwa za su cika ta har a rasa wurin tsayawa. Ɗan kabu-kabu ya koma mai kawo mutane daga lungu zuwa bakin layi, gajeren zango, fasinja da yawa. Kuma daga yau kar a sake yanka fili ko ɗaya ba tare da an nuna a taswira ta inda motar jama'a za ta bi ba.

A Dakoro kuwa abin ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka gaggawa. Mota mai ranaku sanannu, ba ranar kasuwa kaɗai ba, tsakanin gari da manyan ƙauyuka, da rangwame ga ɗan lakkwal da mai ciki. Kwalbati a ƙoramun da kowane direba zai iya lissafa maka su da ido rufe, waɗanda ke raba gunduma biyu kowace damana. Jar ƙasa a wuraren da mota ke kafewa, a kuma riƙa gyara ta kafin ruwa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Da lambar waya ɗaya da mai naƙuda za a kira wa mota cikin dare ba a fara da tambayar wa zai sayi mai ba.

In an ce ƙarya nake, abin bai kai yadda nake faɗa ba, to mu auna. Ranar kasuwa mai zuwa, in Allah ya kai mu, ni da abokai uku za mu tsaya a tasha da littafi. Duk wanda ya sauko daga mota ko amalanke za mu gaishe shi mu yi mishi tambaya uku: daga ina, nawa ka biya, ƙarfe nawa ka baro gida. Ba mu rubuta sunan kowa. Ku ma da ke Maraɗi, da Tasawa, da Madarumfa, da Gidan Runji, ku yi haka a tasharku ku turo mana a nan. In mun tara, za mu kai ma'aikatar magajin gari da hannunmu, mu nemi a buga mana hatimin shaidar karɓa, mu manna hotonsa a wannan shafi.

Wanda ya fi kowa dariya daren nan, mai zancen ƙahon sa, shi ya ce zai riƙe biro. Kabu-kabu yake yi. Ya ce a bar mishi shafi guda a ƙarshen littafin, zai rubuta sunayen ƙauyukan da in an kira shi da dare a watan Agusta yake kashe salula, don ya san ko ya tashi ba ya isa.